Rubutun Ɗan Koli

  

Wannan makon da ƙorafi za mu fara, kuma a kaina aka yi shi. Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta aiko mini da takarda, ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, ina karanta filinka kowane mako, amma har yau na kasa gane inda ya dosa. Wani mako ka yi mana zancen zaɓen shugabannin ɗalibai, wani mako tsadar awara a bakin makaranta, wani mako kuma tashe. Malaminmu na Hausa ya ce marubucin kirki jigo ɗaya yake kamawa ya riƙe. Don Allah Malam, kai wane jigo ka kama?"

Na gode 'yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminku bai yi kuskure ba. Idan aka ba ki insha'i a jarrabawa aka ce ki yi rubutu a kan amfanin dashen itatuwa, to ki tsaya a kan itatuwa har ki ajiye biro. Idan kika ratse zuwa farashin awara, ni ma da ni ke maki sai na rage miki. Sai dai akwai wani nau'in rubutu daban, wanda ake yi mako-mako, yau a taɓo siyasa, gobe al'ada, jibi wani ɗan abu da aka gani a hanya. Ni rubutun ɗan koli nake ce masa.

Kun san ɗan koli da kayansa: allura, zare, madubi, kwalli, reza, maɓalli, ɗan turare. Wanda ya kalli tirensa daga nesa zai ce tarkace ne. Amma ku tambaye shi ku ji. Ya zaga unguwanni, ya san abin da yake yankewa a gida ba shiri, ya san abin da uwar gida za ta aiko yaro ya saya da gaggawa. Babu abin da ya hau tiren nan da ka. Idonsa da saninsa na mutane su suka haɗa allura da madubi wuri ɗaya. Domin ku ga yadda wannan yake a rubutu, bari in kawo muku labarin wani da ya gwanance a kansa, can a Ingila, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Mai Gandun Dabbobi

Da yawanku kun san littafin Animal Farm, ko dai da Turanci ko kuma fassararsa ta Hausa, Gandun Dabbobi, wadda Bala Abdullahi Funtua ya yi aka buga a 1975. Marubucinsa shi ne George Orwell. Wannan sunan alƙalami ne, sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a 1903 a garin Motihari na ƙasar Indiya, inda mahaifinsa yake aikin gwamnatin mulkin mallaka, amma a Ingila ya tashi ya yi karatu.

Daga 1922 zuwa 1927 ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Kada ku ɗauke shi waliyyi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa a can ya sha kai wa barori da 'yan dako duka idan ransa ya ɓaci, kuma abin ya daɗe yana cin sa a zuciya. Ya ajiye aikin ya dawo Turai. Ya yi wanke-wanke a ɗakin girkin wani otal a Faris, ya kwana a gidajen marasa galihu a Landan, ya shiga ramukan haƙar kwal a arewacin Ingila a 1936 don ya ga yadda ma'aikata suke. A 1937 kuma harsashi ya huda masa wuya a yaƙin basasar Sifen, Allah ya yi da sauran kwana.

A ƙarshen 1943 ya zama editan shafin adabi na Tribune, wata jaridar mako-mako ta masu ra'ayin kare ma'aikata da talakawa. A nan ya buɗe fili mai suna As I Please, wato kamar a ce "Yadda Na Ga Dama". Ya fara a watan Disamba na 1943, ya rufe a watan Afrilu na 1947, da hutu a tsakani, ya rubuta fito na fito har tamanin. Ku tuna lokacin da ake ciki. Ana yaƙi, ana jefa bam a Landan, abinci da awo gwamnati take rabawa. Duk wanda ya sayi jaridar siyasa a irin wannan lokaci, zancen yaƙi da shugabanni yake jira. Orwell yana yin wannan zancen. Amma a cikin fili guda sai ka tarar ya gangaro kan wahalar wanke kwanuka, ko kalmomin da 'yan jarida suka tsufar da yawan amfani, ko wani tsohon littafi da ya tsinta a kantin gwanjo.

Furen sisi

A watan Janairu na 1944 wani mai karatu ya rubuto masa ƙorafi, kusan irin wanda aka yi mini. Ya ce kullum sai suka, ba ya taɓa yabon komai. Orwell ya ce to, yau zai yi yabo. Mutane suka zaci zai yabi wani janar ko wani minista. Sai ya yabi dashen furen wardi da ake sayarwa sisi a kantin Woolworth kafin yaƙi. Sisi kwabo shida ne a tsohon kuɗin Ingila, rabin sule ke nan. Ku tambayi kakanninku, sun kashe shi kafin a kawo naira a 1973, kuma daga nan ne muka gaji cewa "ba ni da ko sisi".

Ya ba da labarin yadda ya sayi irin wannan dashe a 1936, lokacin da yake zaune a ƙauyen Wallington yana tsaron ɗan kanti yana kiwon kaji da awaki. Takardar sunan da ake liƙa wa dashen ba ta cika yin daidai ba, sai ka sayi mai launi kaza wani launin ya fito, kuma wannan ma wani abin nishaɗi ne a wurinsa. Bayan shekaru ya bi ta ƙofar gidan, ya tarar wani ɗan dashe da bai fi danƙon harbin tsuntsu ba ranar da ya sa shi a ƙasa ya zama ƙaton kurmi.

Wata mata ta fusata ta rubuto cewa fure harkar masu hannu da shuni ce, bai dace da jaridar talakawa ba. Orwell bai daina ba. A 1946 ya rubuta maƙala sukutum a kan kwaɗo, yadda yake kwanciya a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon hunturu, ya fito a rame idan yanayi ya fara ɗumi, da kuma kyawun idonsa wanda ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya duba ba. Daga kwaɗon ya kai ga abin da yake son faɗi: akwai jin daɗin da ba a biyan ko kwabo a kansa, mai kuɗi bai isa ya saye shi ya ɓoye ba, mai mulki kuma bai isa ya hana shi zuwa ba. A ganinsa, idan mutum yana fafutukar gyara duniya amma bai iya jin daɗin fitowar sabon ganye ba, to wace irin duniya yake son ya gina wa mutane? A shekarar dai ya rubuta ƙa'idoji goma sha ɗaya na haɗa shayi a jaridar Evening Standard, a lokacin da gwamnati take raba ganyen shayi da awo. Ɗaya daga ƙa'idojin ita ce kada a sa sukari. Na san mai shayin layinku ba zai sa hannu a wannan ba.

Shinge da makulli

Yanzu ga misalin da na fi so ku riƙe. A wasu unguwannin masu hali na Landan akwai 'yan lambuna a tsakiyar gidaje, an kewaye su da shingen ƙarfe, mazauna gidajen da ke kewaye kawai ke da makulli. Da yaƙi ya yi zafi sai gwamnati ta sa aka ciccire shingayen ƙarfe a birane domin a tara ƙarfen yin makamai. Shinge na tafiya, sai yaran talakawa suka samu wurin wasa a kan ciyawa.

A watan Agusta na 1944 Orwell yana wucewa ya lura an fara mayar da shingayen, wannan karon na katako. Dubban mutane sun bi ta wurin sun ga katakon nan. Shi ya tsaya ya tambayi kansa: wa aka kafa wa wannan shinge? Amsar ita ce yaran nan. Ya rubuta 'yan layuka a filinsa. Wani mai karatu ya mayar masa da martani cewa ai lambunan suna da masu su, ko yana goyon bayan a ƙwace dukiyar mutane ne? Sai Orwell ya ce to a koma baya a ga yadda filayen Ingila suka shiga hannun masu su tun farko. Ya kawo tarihin yadda, daga wajen 1600 zuwa 1850, manyan masu ƙasa suka yi ta killace hurumin ƙauyuka, inda talaka yake kiwo yana samun itace, suna mayar da shi nasu da ƙarfin doka.

Kun ga tafiyar? Daga katako a bakin titi, zuwa yaran da aka kora, zuwa tarihin shekara ɗari biyu da hamsin. Da ya buɗe da cewa zai yi bayani a kan mallakar ƙasa a Ingila, da rabin masu karatu sun juya shafi. Katakon ne ya riƙe su, domin su ma sun gan shi.

Haka ya yi da wani abu da ya gani yana ɗan shekara goma sha tara, a jirgin ruwan da ya kai shi Bama a 1922. Ya hangi ɗaya daga cikin Turawan da ke riƙe sitiyarin jirgin, ƙwararre wanda rayukan fasinjoji ke hannunsa, yana sanɗa da kwanon sauran wani abin zaƙi da aka ɗebo daga teburin fasinjoji, yana ɓoyewa kamar ɓarawo. Sai a watan Janairu na 1947 ya rubuta wannan a filinsa, ya ce ganin nan ya koya masa tazarar da ke tsakanin amfanin mutum da ladan da ake ba shi fiye da tarin ƙasidun siyasa. Abin da ya gani cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ajiye shi kusan shekara ashirin da biyar kafin ya yi amfani da shi.

Ido yana gani, ido yana tsallakewa

Kada ku zaci kallo abu ne mai sauƙi. A ƙarshen 1938 Orwell ya tafi Maroko domin ciwon huhu da ke damun sa, ya yi wata shida a wajen birnin Marrakesh. Kullum da rana wasu tsofaffin mata sukan wuce ta ƙofar gidansa a jere, kowace ta rusuna ƙarƙashin ƙaton ƙunshin itace. Ya ce ya yi makonni yana ganin itace na wucewa, bai taɓa lura da waɗanda ke ɗauke da shi ba, sai ranar da ya tsinci kansa yana tafiya a bayansu. Alhali tun ranar da ya sauka a ƙasar ya lura da yadda ake labta wa jakuna kaya, har abin ya ɓata masa rai. Ya tausaya wa jaki nan take, amma tsohuwa sai da ta ɗauke shi makonni kafin ya gan ta.

Wannan bai fito da shi da kyau ba, amma ya rubuta. Ya nuna cewa haka mulkin mallaka yake ɗorewa, domin mai mulki ya saba da kallon talakan ƙasar kamar wani ɓangare na ƙasa da duwatsu. Ku tsaya ku tambayi kanku: su wa nake wucewa kullum a hanyar makaranta ban taɓa ganin su ba? Wa yake share ajinmu kafin mu zo? Wa yake kwashe sharar layinmu, kuma na san sunansa?

A watan Yuni na 1944 Jamusawa suka fara harbo wa Landan wani irin bam mai tashi da kansa ba matuƙi. Yana tafe yana ƙara, idan ƙarar ta ɗauke to faɗuwa zai yi. Wani marubucin zai cika shafi da jarumtar mutanen Landan. Orwell ya rubuta abin da ya ji a ransa: duk lokacin da ya ji ƙarar na matsowa, fatansa shi ne kada ta ɗauke, ta wuce gaba, wanda ma'anarsa ita ce bam ɗin ya faɗa kan wani. Ya ce wannan ya nuna masa zurfin son kai na ɗan Adam, kuma da kansa ya fara. A ƙarshen watan nan irin wannan bam ya rusa gidan da yake haya, sai a cikin ɓaraguzai aka tono rubutun Animal Farm da bai kai ga bugawa ba.

Shi kansa littafin daga ina ya samo asali? Orwell ya faɗa cewa wata rana a ƙauye ya ga wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana kora ƙaton dokin amalanke a wata siririyar hanya, yana zabga masa bulala duk lokacin da ya nemi juyawa. Sai ya yi tunani, da dabbar nan ta san ƙarfinta, da yaron nan bai isa ba, kuma haka masu kuɗi suke yi da talakawa. Ya daɗe yana neman hanyar da zai bayyana yadda juyin juya halin Rasha ya rikiɗe ya zama zalunci, ta yadda kowa zai gane. Yaro da doki suka ba shi. Kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓar littafin, mafi yawa saboda Tarayyar Sobiyet ƙawar Ingila ce a yaƙin, sai a watan Agusta na 1945 ya fito.

Abu na ƙarshe game da shi: ya iya cewa "na yi kuskure". A farkon yaƙi ya yi ta rubuta cewa Ingila ba za ta ci nasara ba sai an yi juyin juya hali a cikin gida. Ba a yi ba, kuma nasara ta zo. A ƙarshen 1944 ya zauna ya lissafa hasashensa da suka faɗi ƙasa a wata mujallar Amurka mai suna Partisan Review, ya ce babban dalili shi ne ya riƙa gaskata abin da zuciyarsa take so ya faru. Ya rasu a watan Janairu na 1950 da tarin fuka, yana da shekara 46, 'yan watanni bayan fitowar littafinsa na ƙarshe, Nineteen Eighty-Four.

To, mene ne jigon?

'Yata, ga amsar tambayarki. Fure, kwaɗo, katako, bam da tsohuwa mai itace ba su da dangantaka a ido. Abin da ya ɗaure su shi ne mutum ɗaya ne ya tsaya ya dube su da kyau, ya tambayi dalilinsu, ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Wannan shi ne jigon da nake ƙoƙarin kamawa a filin nan, ko da yake ban ce kullum ina dacewa ba. Ranar da na yi zancen awara, ai da waken suya muka fara, muka bi ta kuɗin mota da man gyaɗa, muka ƙare a kan ɗalibin da ke zama darasi na biyar da yunwa.

Abin da ya sa na damu ku koyi wannan shi ne abin da nake gani idan na zauna yin maki. Na taɓa ba wani aji insha'i a kan matsalar ruwan sha a unguwarsu. Kusan kowa ya buɗe da cewa ruwa shi ne ginshiƙin rayuwa, ya rufe da kira ga gwamnati da masu hannu da shuni da su dubi Allah su taimaka. A tsakani babu unguwa, babu rijiya, babu mutum ko ɗaya. Za ka iya ɗaukar takardar wannan ka sa sunan wancan ba wanda zai gane. Yaro ɗaya ne ya bambanta. Ya ƙirga jarkokin da mai kura yake turowa layinsu, ya faɗi kuɗin jarka a damina da kuɗinta a bazara, ya ba da labarin ƙanwarsa da ke bin layin famfo tun asuba, ta makara, a tare ta a ƙofar makaranta a hukunta ta. Bai yi kira ga kowa ba. Amma da na gama karantawa na san abin da rashin ruwa yake ci, har da karatun yarinya. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Maganar ta wuce maki. Nan da 'yan shekaru yawancinku za ku cika sha takwas, ku yanki katin zaɓe. Za a zo muku da manyan kalmomi: ci gaba, sauyi, romon dimokuraɗiyya, inganta rayuwar al'umma. Orwell ya yi gargaɗi a wata maƙala ta 1946 cewa irin waɗannan kalmomi da aka saba jerawa sukan yi wa mutum tunani a madadinsa, kuma ya ba da shawara kada a ɗauko doguwar kalma inda gajeriya za ta yi aiki. Wanda ya saba duba abu da idonsa, idan aka ce masa an inganta ilimi, zai tuna yawan waɗanda ke zaune a ƙasa a ajinsu bara da yawansu bana, ya auna da kansa. Idan an ƙara benci zai yaba, idan ba a ƙara ba zai sani. Wanda bai saba ba kuwa, duk abin da aka zuba masa zai sha. Gani ya kori ji.

Hattara

Akwai ramuka uku a wannan hanya, ku kiyaye su.

Na farko, lura daban, gulma daban. Idan abin da ka gani sirrin gidan wani ne ko aibin wani abokin karatunka, ba kayan rubutu ba ne. Rubuta halin, ka bar sunan, kuma idan ko ba suna za a gane mutumin, to ka bar zancen gaba ɗaya.

Na biyu, raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka. "Na ga" da "an ce" ba ɗaya suke ba, kada ka sa wa ɗaya rigar ɗaya. Idan jita-jita ce, wurinta ba a littafinka ba ne.

Na uku, kada ka yi tsalle daga ƙaramin abu zuwa babban hukunci. Don ka ga direba ɗaya ya yi ganganci ba za ka yanke wa duk direbobi hukunci ba. Orwell bai tsaya a katako ba, sai da ya koma tarihi ya nemo yadda aka yi. Kai ma ka tambayi manya, ka duba littafi, ka tambayi wanda abin ya shafa. Idan daga baya ka gane ka yi kuskure, ka koma ka gyara da hannunka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aikin wannan mako

Kowa ya nemi ɗan ƙaramin littafin rubutu, ko sauran shafukan tsohon littafi ma sun isa. Daga gobe har kwana bakwai, kullum kafin ka kwanta ka rubuta abu ɗaya da ka gani da idonka a ranar. Layi biyar sun wadatar. Ka sa kwanan wata da wurin. Idan abin ƙirgawa ne ka ƙirga, idan na kuɗi ne ka rubuta farashin, idan magana ce ka ji ka rubuta ta yadda aka faɗe ta. A ƙarƙashi ka rubuta tambaya ɗaya da ta fara da "me ya sa" ko "wa". Kada ka damu idan na Litinin zancen tallar goro ne, na Talata huɗubar da ka ji, na Laraba kuma allon ɗan takara da iska ta yage. Tiren ɗan koli kake haɗawa.

Ranar ta bakwai ka karanta duka, ka zaɓi wanda tambayarsa ta fi hana ka sakat. Ka nemi amsa wajen mutum biyu aƙalla, sannan ka faɗaɗa shi zuwa shafi ɗaya, da Hausar da kake magana da ita a gida. Sharaɗi ɗaya na kafa: ban yarda kowa ya buɗe da ma'anar kalma ba, ban kuma yarda a rufe da kira ga gwamnati ba. A aiko ta adireshin da ke ƙasan wannan shafi, tare da aji da garin da ake. Uku da suka fi za su fito a nan. Masu shirin jarrabawar ƙarshe kada ku ce ba ku da lokaci, domin wannan littafin shi zai ba ku misalan da za ku zuba a insha'i, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke kuma 'yata mai ƙorafi, naki nake jira kafin na kowa. Wadda ta lura cewa filin nan yana yawo daga zaɓe zuwa awara zuwa tashe, ai ta riga ta fara aikin. Ki gaishe mini da malaminku na Hausa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.